Shaidar da Lauya Ta Ƙi Karɓa

Palomita, Kalifoniya
9 ga Afrilu

Zuwa ga Urmila, sanyin idona, hasken gidana tun kafin ta shigo shi, mai taurin kan da ya fi ƙarfin injin haƙata, wadda zuciyata ta zaɓa ba tare da ta yi shawara da ni ba.

Gaisuwa nake aiko miki, mai yawan furannin lemon da suka rufe gonakinmu a makon nan, tare da fatan kin tashi lafiya, kin kuma ci wani abu ban da shayi da busasshen burodi, don na san halinki idan ranki ya ɓaci. Ya ke ruwan sanyi a tsakiyar watan Yuli! Ya ke inuwar da ma'aikaci ke hange tun daga ƙarshen gona! Yau kwana uku ba ki ɗaga wayata ba, kuma ban ga laifinki ba. Ranar Lahadi na ɗaga miki murya a bakin motarki, na ce girman kai ke damunki, alhali duk wanda ya san ki ya san akasin haka ne ciwonki. Na yi kuskure, ki yafe mini. Tunda baki ya ɓata, na ce bari in gwada biro, ko da yake hannun da ya saba da bututun ƙarfe ba a sa ran rubutu mai kyau daga gare shi.

Saura kwana goma sha tara. Bari in faɗi maganar yadda na fahimce ta, in na kauce ki gyara mini kamar yadda kika saba. Baƙo irinki, in yana son takardar zama ta dindindin a ƙasar nan ta hanyar aiki, sai wani kamfani ya tsaya masa, ya kuma nuna cewa ya nemi ɗan ƙasa da zai yi aikin bai samu ba. Ke kuwa kin roƙi a ɗage miki wannan sharaɗi, ki tsaya wa kanki, bisa hujjar cewa binciken da kike yi a kan gurɓatar ruwan ƙarƙashin ƙasa amfanin ƙasar ne baki ɗaya. Ofishin shige-da-fice suka karanta, ba su ƙi ba, ba su kuma yarda ba, suka ce a ƙaro shaida. Sun ga an yi wa kwarinmu, wannan yanki namu da ke tsakanin duwatsu, aiki. Suna so a nuna musu aikin ya wuce kwari ɗaya, kuma ke ce kika yi shi, ba taron jama'a ba. Idan amsa ba ta isa gare su ba nan da ashirin da takwas ga wata, ko ta isa ba ta gamsar ba, bizarki ta aikin jami'a za ta ƙare a Yuni, ki tattara ki koma Nepal.

Ki koma Nepal! Tun da kika furta haka da bakinki abinci ya daina yi mini ɗanɗano. Gonaki sun yi fari fat, ƙanshi har cikin mota, ƙudan zuma na ta hidimarsu, ƙanƙarar kan duwatsu ta fara narkewa magudanai sun cika, duniya duk ta caɓa ado kamar ba ta ji abin da kika ce ba. Ni kaɗai nake yawo kamar rijiyar da injinta ke jan iska. Kin san ƙarar nan, kin sha jin ta a gidajen mutane: inji na kuka, bututu na rawa, ko ɗigo babu. Ina amfanin furen nan in ba ki a gefena ki ce in rage gudu ki shaƙa? Wa zai ci tamalen Mama, alalen masarar nan nata, ya ce yaji bai ji ba, Mama ta yi kwana biyu tana ƙunƙuni?

Kin tuna ranar da kika fara zuwa gidanmu? Shekara huɗu ke nan, a shekarar farin nan da karnuka ma suka daina haushi don zafi. Kika sauko daga farar motar jami'a da malafar da ta fi kafaɗunki faɗi, da kular ƙanƙara a hannu, kika haɗa tafukanki biyu kika gaida Mama. Duk Palomita ba mai kiran ta sai da Doña Herminia, wato Uwargida Herminia, har Fadan cocinmu, amma ke kika ce mata Anti, ta kuwa amsa. Kika nemi izinin ɗiban ruwan rijiyarmu. Ni ina kwance ƙarƙashin mota ina gyara, na leƙo, na ce a raina, ga wata kuma ta zo koya wa ɗan mai haƙa rijiya yadda ruwa yake. Rijiyar nan Baba ne ya haƙa ta shekarar da aka haife ni, kuma maƙwabta har roƙon ruwanta suke zuwa yi.

Sai kika buɗe famfon tsakar gida kika bar shi yana kwarara. Minti ɗaya, minti uku, kina kallon agogo hankalinki kwance, a shekarar da Mama ke wanke kwanukan gida duka da rabin bokiti! Ta fito a guje da ludayi a hannu tana cewa, “Ke 'yar nan, lafiyarki kuwa? Anselmo, fito ka ga ikon Allah, gwamnati ta aiko a ƙarar mana da ɗan abin da ya rage!” Kika ce mata a hankali, “Anti, ruwan da ya kwana a bututu ba ya faɗin gaskiya. Sai ya wuce na ƙasan zai taso, shi nake so in tambaya.” Mama ta ce, “To ki tambaye shi a cikin bokiti.” Ba ki yi musu ba. Kika naɗe hannun riga, ke da ita kuka yi ta jigila zuwa gindin barkononta da tumatirinta har minti goma sha biyar suka cika, sannan kika ɗebi 'yar kwalba ɗaya da ba ta fi yatsana tsawo ba, kika rubuta mata suna, kika kwantar da ita cikin ƙanƙara. Ban ce a ranar na fara son ki ba. Na dai lura na daɗe riƙe da sifana ban ɗaure komai ba.

Bayan mako biyu kika dawo. Daga baya na ji cewa ƙa'idar aikin ita ce a aika sakamako ta gidan waya, takarda cike da lambobi da Turanci, irin wadda mutanenmu ke jefawa a aljihun tebur su manta. Ke kuwa da ƙafarki kike bin gidaje. Kika tarar da Mama a kicin, tukunya na tafasa, tana dafa ruwan da za a dama wa Noemi madara, jaririyar ƙanwata Leticia, watanta uku a duniya. Ban taɓa ganin mutum ya tsallaka ɗaki da sauri haka ba. Kika kashe wutar da hannunki, a kicin ɗin matar da ko ni ɗanta ba na taɓa mata murhu. Kika ce, “Anti, don Allah kar ki ƙara. Abin da ke cikin ruwan nan gishirin takin zamani ne da na kashin shanu, kuma ya ninka abin da aka yarda da shi sau uku. Tafasawa ba ta kashe shi. Ruwan ne ke tashi ya bar shi, ya ƙara ƙarfi. Ga jariri kuwa, jininsa ne ke kasa ɗaukar iska.” Mama ta zauna a kujera ba shiri. Shekara arba'in tana tafasa ruwa don ta kare 'ya'yanta, uwarta ma haka ta yi a Michoacán, can ƙasar Meziko, sai ga wata 'yar ƙaramar mace daga bayan duniya ta ce kulawar nan ce ke ƙara cutar.

Ni kuwa na yi abin da wawa ke yi, na hau ki da faɗa. Na ce rijiyar ubana ce, na ce kwalbarki ce mai datti. Kika bar ni na zazzage tas, sannan kika ce, “Anselmo-ji, babanka bai yi laifi ba. Lokacin da ya haƙa, ruwan lafiyarsa lau. Abin da aka zuba a gonaki shekara talatin da suka wuce ne sai yanzu ya iso.” Kika koma mota kika sauko da galan shida na ruwan shago, waɗanda kika saya tun a hanya, don kin riga kin ga kayan jariri a kan igiya zuwanki na farko. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Noemi yau ta haura shekara huɗu, bakinta ya fi na kakarta kaifi, makon jiya ma ta ce gemuna ya yi kama da soson wanke tukunya.

Da kika ji Baba ya bar littattafai, idonki ya yi wani haske da har yau nake kishinsa. Guda talatin da ɗaya ne, duk maiƙon inji, inda ya rubuta kowace rijiya da ya haƙa cikin shekara arba'in: ƙafa kaza yashi, ƙafa kaza tsakuwa, nan shuɗin yumɓu ya fara, nan ya ƙare. Da yatsu yake murza taɓon da inji ya tofo, wani lokaci har ya kai harshe. Mu a wurinmu tarkacen tsoho ne, Leticia har ta so ta zuba su a shara. Ke kika zauna a barandarmu lokacin sanyi guda, kowace Asabar, kina fama da mugun rubutunsa da Sifaniyancin da kika tsinta a bakin tsofaffin mata, ina warware miki inda ya gagara. Daga nan kika zana taswirar yumɓun da ke ƙarƙashin ƙafafunmu, kika nuna inda ya yi kauri ya tare gubar, da inda ya yage ta zurara. Kika kuma gano abin da mu masu haƙa ya kamata mu gano tuntuni: tsofaffin rijiyoyin da aka yi watsi da su ba a toshe ba, su ne mazurarin da ke kai mugun ruwan sama zuwa mai kyau na ƙasa. Yanzu mutum na iya zama da tsofaffin littattafan masu haƙa na kowane yanki, ya nuna gidajen da ya kamata a fara gwadawa tun kafin a ɗebi kwalba ɗaya. Ba ni na faɗa ba, a mujallar masana aka buga. Kuma a ƙasan shafin ƙarshe ga sunan Fidencio Quiroz, mutumin da bai gama aji huɗu ba, an yi masa godiya. Mama ta sa shafin a gilashi ta rataye kusa da hoton Budurwa Maryamu.

A barandar nan, ranar da muka buɗe littafi na ashirin da shida, kika kira ni Anselmo kawai, kika yar da ji ɗin girmamawar da kike liƙa wa sunana. Washegari na yini a bakin inji ina murmushi ni kaɗai, har abokin aikina ya tambaya ko rana ce ta taɓa ni. A nan ne kuma kika ba ni labarin tafin hannun babanki, yadda ya yi baƙaƙen ƙuraje masu tauri saboda gubar da ke cikin ruwan ƙauyenku, da ranar da wasu mutane suka zo suka yi wa famfon ƙofar gidanku jar alama suka shiga mota suka tafi, ba wanda ya tsaya ya yi wa mahaifiyarki bayani. Kina 'yar shekara tara. Sai a ranar na gane abin da ya hana ki aika sakamako ta gidan waya.

Hanyoyi biyu masu sauƙi aka shimfiɗa miki, kika tsallake duka biyun, ni ina gefe ina cizon yatsa ina kuma alfahari, ban san wanne ya fi yawa ba. Bara wani kamfani da ke yi wa manyan masu shanun madara awon ruwa ya ce zai tsaya miki, takarda ta fito ba wahala, da sharaɗi ɗaya: abin da kika gano na wanda ya sa aikin ne, ba ki da ikon ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsa ki gaya masa. Kika saurare su har ƙarshe, kika yi musu godiya da ladabin nan naki mai kashe jiki, kika fito. A mota kika ce mini, “In ga tukunya a wuta in wuce?” Iyakar jawabin da kika yi ke nan, kika kunna rediyo.

Hanya ta biyu ni ne. Haifaffen nan ne ni, in kika aure ni magana ta ƙare. Na durƙusa miki a bakin kogi da zoben kakata, gwiwata cikin taɓo, kika yi kuka, kika yi dariya, kika ce, “Zan aure ka, amma ba yanzu ba. Ba na so wata rana mu yi faɗa a kan gishirin miya, ka dube ni ka ce a ranka ko don takarda ta zo. Ba na so wani jami'i ya zaunar da mu ɗaki daban-daban yana tambayata launin buroshin haƙorinka. Aikina ya kawo ni, aikina zai zaunar da ni, in ya kasa in tafi.” Da Mama ta ji ta ce, “Yarinyar nan ta fi ka hankali, ta kuma fi alfadari kafiya. Kar ka sake ta kuɓuce maka.” Ya ke wadda ba a sayen ta da sauƙi! Wa ya rene ki haka? Ta yaya mutum zai yi ta addu'a ki sauko, kuma ya san ranar da kika sauko ba ke ba ce wadda yake so? Zoben yana nan a aljihun rigata ta coci, in na ɗauko ta sai na taɓa in ji.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri, don na san lauyarki Madam Araksi ba ta gaya miki ba, ta yi mini alkawari. Da na ji ana neman wasiƙun shaida, na ce wannan ai aikin yini ɗaya ne. Na tsaya a ƙofar coci Lahadi biyu, na tsaya a wurin injin sayar da ruwa da ke gaban shagon dattijon nan Don Lupe, na bi layin 'yan gidajen kwanon da ke bayan rumbun tattara lemo. Ban roƙi kowa sau biyu ba. Wasiƙa sittin da uku! Wasu a takardar makaranta, wasu a bayan kalanda. Wata tsohuwa da ba ta iya rubutu ba ta sa aka rubuta mata, ita kuma ta dangwala yatsa da jan-baki. Don Lupe ya cika shafi huɗu, uku daga ciki a kan ciwon gwiwarsa. Na zuba su a kwalin lemo, na ɗora tawa a sama, na sa rigar zuwa biki, na tuƙa har birnin Fresno ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi.

Madam Araksi ta karanta wajen goma, ta cire tabarau ta goge ido, ta ce furen lemo ne ke sa mata ƙaiƙayi. Sannan ta ce, “Mista Quiroz, zauna. Ka yi abin kirki, amma ba haka ake buga wasan nan ba. A wurin mutanen can, wanda ya san ta shaidarsa ba ta da nauyi. Ya ci abinci da ita, ragi. Ta taimake shi, ragi. Wanda suke so shi ne masanin da bai taɓa ganin fuskarta ba, bai san ko doguwa ce ko gajera ba, aikinta kawai ya karanta ya yi amfani da shi.” Ta zaɓi biyu ta ce za ta liƙa a baya. Sai ta ɗauki tawa, ta karanta layi uku, ta miƙo mini ita da yatsu biyu kamar mai zafi, ta ce, “Kai kuma ba shaida ba ne, bawan Allah, majinyaci ne. Kai wa mai ita.”

Na fito raina a ɓace. Wace irin ƙasa ce wannan, na ce, inda ƙauna ke rage wa magana nauyi? Amma kafin in iso gida na huce, don na tuna ke ma ba ki taɓa yarda da ruwa don mai rijiya ya yabe shi ba. Sauran wasiƙun suna nan a ɗakina, ban iya mayar wa kowa tasa ba.

To ga irin baƙon da suke so Allah ya kawo. Farfesa Lindqvist na jihar Nebraska, wanda ko a hanya bai san ki ba, ya ɗauki dabararki ya gwada a yankin manoman masara, ta yi aiki. Wata mata a ma'aikatar ruwa ta wata jiha can gabas ita ma haka. Dukansu sun ce za su sa hannu da farin ciki. Abin da suka nema shi ne abin da aka saba a wannan harka: mai nema ya rubuto daftari ya faɗi abin da ya yi, su cire abin da ba su yarda da shi ba, su ƙara nasu, su sa hannu. Mutane ne masu aiki, ba su da lokacin tono tarihinki. Mako uku kina zaune gaban kwamfuta. Ranar Lahadi kika nuna mini abin da kika rubuta, na karanta na rasa dariya zan yi ko kuka. Kin yabi mai kula da ɗakin gwaji. Kin yabi matan Palomita da suka buɗe miki ƙofa. Kin yabi Baba, rabin shafi guda! Wanda ya karanta zai ɗauka ke direba ce da ta kai su wurin. Da na yi magana kika ce, “A gidanmu wanda ya ce ni na yi, ba a ƙara zama kusa da shi. Mahaifiyata in ta ji na rubuta da hannuna cewa ƙasa guda na bukatata, sai ta rufe fuska. Gara in koma gida da kunyata.” Nan na ɗaga murya, nan kika ja ƙofar mota.

Urmila, ƙanƙarar kan dutse wadda kwari ke rayuwa da ita bai kuma taɓa jin ta yi magana ba, ki saurare ni da kunnen aikinki. Idan kwalba ta nuna talatin, kin taɓa rubuta goma don kar ran mai rijiya ya ɓaci? Kin taɓa rage lamba don kunya? Ba ke ce kika tsaya a gaban taron gunduma ba, manyan mutane masu manyan huluna sun harɗe hannu suna kallon ki, kika karanta lambobin nan ɗaya bayan ɗaya ba ki tsallake ko guda ba? Ina layin baya ranar, ƙirjina kamar ya fashe don alfahari. To me ya sa da aka zo awon ki ke, za ki rage? Ba wanda ya ce ki yi ƙari. An ce ki rubuta abin da ya faru, ki sa sunan wadda ta yi shi. Ladabinki ado ne, na sani, shi ya fara kama ni, kuma ba zan so ranar da za ki zama mai cika baki ba. Amma wannan takarda ba wurinsa ba ne. Mahaifiyarki da ta tsaya gaban jan famfo ba wanda ya kula ta, ina ganin ba fuska za ta rufe ba in ta ji abin da 'yarta ta zama.

Idan hannunki ya ƙi, ga wasiƙata da aka koro na haɗo miki cikin ambulan ɗin nan. Ki cire inda na yi maganar idanunki, da yadda kike tura gashinki bayan kunne da bayan hannu in kin sa safar roba. Shafi na biyu ki cire shi gaba ɗaya, ba na Farfesa ba ne. Abin da ya rage ranaku ne da lambobi da sunayen garuruwa, kuma na bi su ɗaya-ɗaya na tabbatar. Ki fara daga nan.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta zaunar da ni rubutun nan. Kar ki ɗauka don kaina nake roƙo. Ranar Litinin, washegarin faɗanmu, na je gidan waya na cike takardar neman fasfo. Shekarata arba'in da ɗaya ban taɓa hawa jirgi ba, ko Michoacán ɗin Mama ban taɓa takawa ba. Matar da ta ɗauki hotona sai da ta ce in daina zare ido kamar wanda aka kama da kayan sata. Na yi tambaya, an ce a ƙasarku ma ana haƙa rijiya, kuma mai hannu biyu da ya san yumɓu ba zai rasa abin yi ba. Na gaya wa Mama. Ta ce, “Ka tafi da garin masara, ban yarda mutanen nan sun san abinci ba.” Ta fita lambu ta daɗe ba ta shigo ba. In sun ƙi ki, kujerar da ke kusa da taki a jirgin Yuni tawa ce. Sai ki aure ni a can inda ni ne baƙo mai neman takarda, mu ga ko ke za ki zarge ni.

Saboda haka ni ba zan rasa ki ba, ko an ba ki ko an hana ki. Waɗanda za su rasa ki su ne na gabashin babbar hanya. Jiya aka kira ni gyaran famfo a can, a wani layi da ba ya cikin lissafin kowa, gida goma sha huɗu a kan rijiya ɗaya mai zurfin ƙafa tamanin, ga garken shanu a bayan katanga. Wata matashiya mai ciki ta ga na yi gumi, ta kawo mini ruwa a kofi. Na riƙe kofin nan, Urmila, na kasa sha, na kuma kasa hana ta sha, don ban san ko ruwan lafiyarsa lau ba. Ni haƙawa kawai na iya. Ta tambaye ni ko gaskiya ne akwai wata likitar ruwa da ke gwada rijiyoyin talakawa, kuma yaushe za ta iso layinsu, don a watan Yuli za ta haihu. Na ce mata kina nan tafe.

Kar ki mayar da ni maƙaryaci. Ki zauna ki rubuta.

Ni ne naki, a wannan kwari ko a wancan, muddin hannuna na iya riƙe bututu, da kuma bayan ya kasa,

Anselmo